Yadda ake gina ƙarfin jikin yaro a tsakar gida, ba da ƙarfen siminti ba

Tsoron da ya fi yawa a bakin iyaye shi ne kada yaro ya tsumbure. Ana cewa ɗaga nauyi yana danne yaro, ya hana shi tsawo. Maganar tana da tushe. A ƙarshen kowane dogon ƙashi, kamar na cinya da na damtse, akwai faifan guringuntsi, kuma daga nan ƙashin yake ƙara tsawo. Faifan bai kai ƙashi ƙwari ba, kuma ba ya rufewa sai wajen shekara 13 zuwa 15 ga 'yan mata, 15 zuwa 17 ga maza. Idan ya tsage ba a gyara shi daidai ba, hannu ko ƙafa na iya girma a karkace. Sai dai abin da ke tsaga shi faɗuwa ce, ko nauyin da ya fi ƙarfin yaro ya kuɓuce masa. Atisayen da aka auna, babba yana tsaye a kai, ba a same shi da rage tsawo ba. Hasali ma Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, cewa ta yi yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na kimanin minti 60 a rana, kuma aƙalla kwana uku a mako a haɗa da abin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi.

Abin lura, gidan da ake wannan tsoron, nan ne ake ɗora wa ɗan shekara tara jarka mai lita 25 a ka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato kilo 25 ke nan a wuyan yaron da shi kansa da kyar ya ɗara haka a sikeli. In akwai nauyin da ya kamata a ji tsoro, wannan ne.

Ana fara tsararren atisaye a wajen shekara bakwai ko takwas, amma hankali ya fi shekaru muhimmanci. Yaron da zai tsaya da ƙafa ɗaya a ƙirga goma bai dafa komai ba, kuma in an ce ya tsaya zai tsaya, ya isa. Na ƙasa da haka a bar su da langa da 'yar gala-gala da tsallen igiya, waɗannan ma atisayen ƙashi ne. Kuma kada a sa ran ganin damtse ya kumbura. Kafin balaga, ƙarfin da yaro ke samu daga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi yake zuwa, suna koyon tayar da tsoka gaba ɗaya a lokaci guda. Zai yi ƙarfi ƙwarai, riga kuwa ba za ta matse shi ba. Mace da namiji duk tsari ɗaya ne a wannan shekarun.

Mai sikila, mai asma, mai farfaɗiya ko ciwon zuciya, sai likitansa ya faɗi iyakarsa tukuna. Mai sikila musamman, ƙishirwa da zafi da wuce gona da iri suna tayar masa da ciwo. Mai zazzaɓi kuwa hutu ne nasa har ya warke sarai.

Lokaci a Katsina sai an yi dabara. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana kai maki 40, don haka ko dai da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, a inuwar bedi, a sha ruwa kafin a fara da kuma kowane minti 15 zuwa 20. Da hunturu a yayyafa ruwa a tsakar gida ƙura ta kwanta, a kuma tsawaita ɗumama jiki. Ga tsararren atisaye, ban da wasannin yau da kullum, kwana biyu zuwa uku a mako sun isa, kada a jera su, domin a ranar hutu ne tsoka take gyara kanta. Yammacin Alhamis, da yawancin Islamiyyu ba sa karatu, da Lahadi ko Litinin, farawa ce mai kyau.

Kayan aikin duk suna gida: tabarma, turmi a kife ko dakali, sanda miƙaƙƙiya, tsohuwar jakar makaranta, bokitai biyu ƙanana, da ledojin fiya wata. Kowace leda rabin lita ce, wato rabin kilo, saboda haka da ita za a riƙa auna nauyi dalla-dalla. Ƙarfen da samari ke haɗawa da siminti a gwangwanin fenti ba na yara ba ne. Ba a san nauyinsa ba, gefe ɗaya yakan rinjayi ɗaya, kuma ba yadda za a yi a ƙara masa kaɗan ko a rage.

A fara da ɗumama jiki na minti biyar zuwa goma: sassarfa a zagaye tsakar gida, juya hannuwa, tafiya ana ɗaga gwiwa, sai tsallen igiya kaɗan. Gumi ya fara tsattsafowa a goshi, an shirya.

Motsi na farko tsugunno. Yaro ya tsaya turmi yana bayansa, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, yatsun ƙafa sun ɗan kalli waje. Ya miƙa hannuwa gaba, ya tura ƙugu baya kamar zai zauna, ya sauka ana ƙirga uku, ya ɗan taɓa turmin, ya miƙe. Mai kula ya tsuguna a gabansa ya zuba wa gwiwa ido. In gwiwoyi suna faɗawa ciki suna neman haɗuwa, tsokar ɗuwawu ce ba ta kama aiki ba. A ce masa ya tura ƙasa waje da ƙafafunsa kamar zai yaga tabarma gida biyu. In dunduniya tana tashi, idon sawu ne ya ƙage. A sa ɗan siririn katako a ƙarƙashinta na 'yan makonni, ana miƙe bayan ƙafa a jikin bango. In kuma faɗawa yake yi kan turmin tim, turmin ya yi masa ƙasa, a koma dakali mai tsayi. Sai ya iya 15 masu tsabta sannan a ba shi jaka mai leda biyu ya rungume a ƙirji.

Na biyu shi ne wanda zai fi amfanarsa har tsufa, ɗaukar kaya daga ƙasa. Yawancin yara baya suke lanƙwasawa kamar baka su fizgo bokiti, nauyin ya tafi kan ƙashin baya maimakon cinya da ɗuwawu. A gyara da sanda. Yaro ya riƙe ta a tsaye a bayansa, hannu ɗaya ta bayan wuya, ɗaya ta ƙugu, sandar ta taɓa wuri uku: ƙeya, tsakanin allunan kafaɗa, da ƙarshen ƙashin baya. Ya ɗan sassauta gwiwa, ya tura ƙugu baya yana sunkuyawa, kusan kamar ruku'u. Da zarar sanda ta rabu da ɗaya daga cikin ukun, baya ya lanƙwashe, a tsaya a sake. Alamar ya yi daidai ita ce ya ji bayan cinya yana ja. Bayan mako biyu sai a ajiye sanda, a sa bokiti mai lita biyu ko uku a tsakanin ƙafafunsa, kada a gabansa can nesa, domin duk tazarar da kaya ya yi da jiki ƙarin wahala ce ga baya. Ya kama, ya ɗaure ciki, ya taka ƙasa ya miƙe yana fitar da numfashi. Saukewa ma haka, a hankali. Wajen saukewa ne ake yawan sakaci.

Na uku turi. A fara da bango: tafin hannu a jikinsa daidai ƙirji, a kai ƙirji kusa, a turo. In ya yi sauƙi a koma dakali, daga nan sai ƙasa. Gwiwar hannu kada ta baje kamar fiffike, ta ɗan karkato wajen haƙarƙari. In ciki yana lotsawa ƙasa ko ɗuwawu ya tashi sama, ba a isa wannan matakin ba, a koma na baya.

Ja kuwa, reshen bishiya mai kauri ko bututun da aka kafe da kyau ya wadatar, amma babba ya fara gwada shi da nauyinsa, kuma kada ya yi tsayin da ƙafar yaro za ta yi nisa da ƙasa. Reto na daƙiƙa 10, a riƙa ƙarawa har 30. Mai son kai haɓa sama, a ɗaga shi ya kai, shi kuma ya sauko da kansa ana ƙirga biyar.

Sai tafiya da kaya: bokiti ɗaya a kowane hannu, nauyi daidai, lita biyu-biyu, taku 20 a je, 20 a dawo, kafaɗu a miƙe, ruwa bai fantsama ba. Yara suna son wannan saboda gasar wanda bai zubar ba, kuma wannan gasar ba ta da illa. Irin wannan tafiyar ce kuma maganin jarka: a raba ruwan gida biyu, a yi sawu biyu. Daga nan kwanciyar katako, a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe sambal, daƙiƙa 10 zuwa 30, ana numfashi. A rufe da dira daga ƙaramin dakali, wanda bai kai gwiwar yaro ba, sau biyar. Kunne ne alƙali a nan, wanda ya dira aka ji dim bai lanƙwasa gwiwa da ƙugu ba.

Ga lissafin. Mako biyu na farko, zagaye ɗaya na kowane motsi, sau 8 zuwa 12. Daga mako na uku zagaye biyu, a huta minti ɗaya a tsakani, kuma ko an daɗe ana yi kada a wuce uku. Duka zaman minti 20 zuwa 30 ne. Idan yaro ya yi 15 ba tangarɗa a zama biyu a jere, a ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin, wanda ga mai ɗaukar kilo biyar leda ɗaya ce tak. Ana tsayawa ne lokacin da motsi ya fara lalacewa, ko da ƙirga bai cika ba. Gasar wa ya fi ɗaga mai nauyi, a hana ta gaba ɗaya, nan ake samun karaya. Babba ɗaya kada ya riƙe yara fiye da goma, in sababbi ne ma biyar sun ishe shi. Malamai kuma su raba atisaye da gwale-gwale. Yaron da aka saba sa shi tsallen kwaɗo don ya makara, in aka ce ya tsuguna, horo yake ji.

Abinci ba ya buƙatar kanti. Ƙosai da kunun gyaɗa, wake da shinkafa, fura da nono, awara, ƙwai in an samu, waɗannan sun ɗauke buƙatar yaro. Barci awa 9 zuwa 12 ga ɗan shekara 6 zuwa 12. Garin gina tsoka na gwangwani asarar kuɗi ne a wannan shekarun. Ƙwayoyin sha-ka-fashe kuwa cuta ce tsagwaronta: wasunsu ruwa da kitse suke tarawa a fuska da ciki, suna cinye tsoka, suna raunana ƙashi, kuma su ne ainihin masu daƙile tsawo. Yaron da ya fara azumi, a mayar da atisayensa bayan shan ruwa da kamar awa ɗaya zuwa biyu, zagaye ɗaya kawai, kuma kada a ƙara nauyi sai bayan salla.

Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu a tsakiyar tsoka ba komai ba ne, tafiya da wasa suna warware shi. Ciwon da ke cikin gaɓa ko a kan ƙashi daban ne. Yaro mai shekara 10 zuwa 15 da ke kuka da ƙasan ƙoƙon gwiwa, har wurin ya ɗan yi tudu, ko ɗan 8 zuwa 14 mai ɗingishi saboda dunduniya bayan ƙwallo, jijiya ce ke jan wurin da ƙashi yake girma. A dakatar da tsalle da gudu, a ci gaba da abin da ba ya tayar da ciwon, in ya wuce mako biyu a ga likita. In kuwa faɗuwa aka yi, wuyan hannu ko idon sawu ya kumbura, yaro ba ya yarda a taɓa ƙashin, kada a ce targaɗe ne a kama ja da murza. A yara faifan girma yakan riga jijiya tsagewa, kuma daga waje kamanninsu ɗaya. A ɗaure wurin da ɗan katako yadda ba zai motsa ba, a tafi asibiti a ɗauki hoto a ranar.