Shamoni: yadda za ka je gindin Mon Blan, ka hau sama, ka sauko lafiya

Ni haifaffen Jos ne, saboda haka kafin tafiyar nan gani nake babu sanyin da zai ba ni tsoro. Har cika baki na yi wa maiɗakina cewa garin da za mu je bai kai Jos tudu ba. Kuma ban yi ƙarya ba, Shamoni na kan mita 1,035 ne daga teku, Jos kuwa ta haura 1,200. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne abin da ke tsaye a kan garin. Mon Blan, wanda ya fi kowane dutse tsawo a tsaunukan Alps, ya haura mita 4,800, wato kusan ninki biyu na Chappal Waddi da ke Taraba, wanda babu kamarsa a Najeriya. Kwana huɗu muka yi a watan Yuli, kuma da ƙasa da haka muka ware, da mun dawo da hoton gajimare kawai.

A allon hanya da jikin tikiti za ka ga an rubuta Chamonix da Mont Blanc, ka riƙe wannan rubutun don neman mota da masauki.

Garin a Faransa yake, amma filin jirgin saman da ya fi kusa da shi na Jeniba ne, a Suwizalan. Wannan kan rikita mutane wajen biza. Ƙasashen biyu duk suna cikin yankin Shengen, biza ɗaya ta ishe ka, sai dai ƙa'ida ita ce ka nema a wurin ƙasar da za ka fi yawan kwana a cikinta. In a Shamoni za ka kwana, ta Faransa za ka nema ko da a Jeniba jirginka zai sauka. Za su buƙaci inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Kada ka biya ka wuce kawai, karanta ka gani ko ta haɗa da tafiya a kan dutse, domin wasu takardun sun cire wannan a cikin ƙananan rubutu. Kuɗin Jeniba daban ne da na Shamoni, can faran na Suwizalan, nan Yuro, don haka kada ka canja kuɗi da yawa a filin jirgi. Sannan ka bar kilishi a gida. An hana shigo da nama da kayan madara daga waje, kuma ba ka son fara hutunka da bayani a gaban jami'in kwastan. Yaji dai mun tafi da shi, ya kuma yi mana rana.

Daga Jeniba akwai ƙananan bas na haɗaka da ake yin rajistarsu ta intanet tun kafin a taso, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci. Nemi kujerar hannun dama. Ana dab da shiga gari za ka ga wani farin harshe na ƙanƙara ya zubo daga sama har cikin itatuwa, wannan shi ne kogin ƙanƙara na Bossons. Jirgin ƙasa ma na zuwa, amma sai an yi canji a Saint-Gervais, kuma da manyan akwatuna wahala ce.

Masauki a tsakiyar gari tsada gare shi. Mu mun kama ɗaki mai ɗan kicin a Les Houches, ƙauyen da ke ƙasa kaɗan a cikin kwarin, ƙauyen Argentière kuma na can sama. Ranar da ka iso, tambayi mai masaukin katin baƙo, suna ce masa carte d'hôte, da shi ake samun sauƙin kuɗin hawa bas da ɗan jirgin ƙasan da ke zirga-zirga a kwarin. Namu bai ba mu ba sai da na tambaya a rana ta biyu, bayan na riga na biya kuɗin bas har sau huɗu. In ba gudu ya kawo ka ba, kauce wa makon ƙarshe na Agusta, lokacin gasar gudun kewaya Mon Blan da ake kira UTMB, gari kan cika maƙil, ɗaki ya yi wuyar samu.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci. Kada ka zauna a gida ka rubuta cewa ranar kaza zan hau sama. Dutsen ne ke ba da rana, kai naka shi ne ka kasance a kusa, a shirye. Kowane dare duba hasashen yanayi, da asuba kuma duba kyamarorin da aka kafa a ƙololuwa, ana ganinsu kai tsaye a waya. In ba ka gane ba, je Maison de la Montagne da ke gefen cocin tsakiyar gari, akwai ofishin da ke ba masu hawa dutse bayanin yanayi da halin hanyoyi. A lokacin zafi safiya ce mai haske, daga azahar gajimare kan fara taruwa, wani lokaci har da tsawa. Iska mai ƙarfi kuma kan sa a tsayar da motocin igiya gaba ɗaya, wato akwatunan da ke rataye a jikin igiya suna kai mutane saman dutse. Mun ga wasu da suka zo daga Jeniba da niyyar yini ɗaya, suka tarar an rufe, suka sha shayi suka koma.

Ranar farko kada ka fara da wuri mafi tsawo. Hau Brévent da motar igiya, dutsen da ke ɗaya gefen kwarin, mita 2,525. Jikinka zai fara sabawa da ƙarancin iska, kuma daga nan ne ake ganin Mon Blan gaba da gaba, tun daga gindi har kai. Ni a ganina hoton da ya fi kyau daga nan yake fitowa, domin wanda ke kan abu ba ya ganin siffarsa.

Ranar da sama ta waye tas, sai Aiguille du Midi. Wani tsinin dutse ne mai mita 3,842, kuma tun 1955 motar igiya ke kai mutane kansa. Tikitin na da tsada, babu ɓoye-ɓoye, kuma a lokacin cunkoso sai ka kama lokacin tashi tun da wuri ta intanet. Zaɓi na sassafe. In za ka hau wurare biyu ko uku, kwatanta kuɗinsu da na tikitin haɗaka na kwanaki, sau da yawa shi ya fi sauƙi. Ba a hawa da yaron da bai kai shekara uku ba, kuma mai ciwon zuciya ko hawan jini ko mai juna biyu ya fara jin ta bakin likita tun a gida.

Hawan kashi biyu ne, duka wajen minti ashirin. Na farko ya ratsa saman daji ya ajiye ku a Plan de l'Aiguille, mita 2,317. Na biyun ne ke sa mutum ya tuna da Allah. Babu turke ko ɗaya tsakanin tasha da tasha, igiya ce kawai ta miƙe zuwa sama, kuna cunkushe a tsaye kamar 'yan bas ɗin kasuwa, bangon dutse da ƙanƙara na matsowa kusa da taga. A gefena wani saurayi ne da igiya a kafaɗa da ɗan gatarin ƙanƙara a jaka, yana cin ayaba hankali kwance. Maiɗakina ta riƙe hannuna tana ta hasbunallahu a hankali har muka isa.

Da an buɗe ƙofa sanyi zai mare ka. A ƙasa mun bar mutane da 'yar shara, a sama ruwa na daskarewa, domin duk mita dubu da ka hau zafi na raguwa da wajen digiri shida. A nan na yi wautar da nake so ka guje wa. Na ga matakala, na ce bari in riga mutane zuwa wurin ɗaukar hoto, na taka da sauri irin na ɗan Jos. Ban kai taki ashirin ba idona ya fara ganin duhu-duhu, zuciya na bugawa kamar kalangu, dole na zauna a kan matakalar mutane na ratsa ni. Iskar da ake shaƙa a can ba ta kai kashi biyu cikin uku na ta bakin teku ba. Yi tafiyar tsoho, taki ɗaya, numfashi ɗaya. Sha ruwa. Ɗan ciwon kai ba abin tashin hankali ba ne, amma in ya haɗu da jiri da tashin zuciya, maganinsa sauka, kada ka tsaya cin kuɗin tikitinka. Lambar gaggawa 112 ce.

Bayan na dawo hayyacina muka tsallaka 'yar gadar da ta haɗa tsini biyu, muka shiga lif da ke cikin dutsen zuwa can ƙoli. Akwai akwatin gilashi da aka maƙala a bakin rami tun 2013, ana ba ka wasu manyan silifas ka sa a kan takalminka, ka tsaya a ɗauke ka hoto babu komai a ƙarƙashinka sai sarari. Layinsa na da tsawo, kuma ni ban ga ya kai wahalarsa ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata ƙofar ramin ƙanƙara inda masu hawa dutse ke fita. Daga nan sai su bi wani siririn doron dusar ƙanƙara, faɗinsa bai fi na tabarma ba, hagu rami, dama rami, suna ɗaure da juna da igiya. Kai iyakarka shingen, kada ka kuskura ka tsallake shi don hoto. Ga kuma wasu baƙaƙen tsuntsaye masu rawayan baki da ke shawagi a kan iska suna jiran ɓarɓashin burodi, ko a jikinsu.

Maganar sutura: riga a kan riga ta fi ƙatuwar riga ɗaya, domin kana sauka za ka fara tuɓewa. Sa rigar ciki, da ta sanyi, da jaket mai tare iska, da safar hannu, da hular da ke rufe kunne. Babbar riga da mayafi mai faɗi iska za ta yi ta wasa da su, maiɗakina ƙaramin hijabi ta sa ta cusa shi cikin jaket. Takalmi ya zama rufaffe mai kaushin ƙasa. Baƙin tabarau dole ne, hasken rana a kan farar ƙanƙara na ƙona ido. Man kare fata ma haka, kada ka ce ai baƙar fata ba ta ƙuna. Ni na faɗi haka, bayan kwana biyu hancina ya yi ta saɓa.

In ƙafarka na da ƙwari, sauka a tashar tsakiya ka bi hanyar ƙafa da ake kira Grand Balcon Nord zuwa Montenvers, wajen awa uku a tsanake, kwarin na shimfiɗe a hagunka. In ba haka ba, washegari ka hau jan jirgin ƙasa mai haƙoran kama dogo don hawan tudu, da ke tashi daga bayan babbar tashar gari, wanda ya fi shekara ɗari yana wannan hawan, cikin minti ashirin ya kai ka mita 1,913. A nan ne Mer de Glace take, wato tekun ƙanƙara, mafi girman irinta a Faransa. Kada ka sa ran ganin fari fat a lokacin zafi, tsakuwa da ƙasa sun rufe yawancinta, kuma ta janye ƙasa sosai. A jikin dutse akwai alluna masu ɗauke da shekaru, kowanne na nuna inda ƙanƙarar ta kai a lokacin, kana kallonsu kana ganin irin ramar da ta yi a cikin rayuwar mutum ɗaya. Akwai kogon da ake sassaƙawa a cikinta, bangonsa shuɗi, ruwa na ɗiga a kai. Akwai matakala kafin a kai gare shi, mai ciwon gwiwa ya yi shawara da gwiwarsa.

Abinci sai an yi hattara. Shahararrun girke-girken yankin kusan duk da abin da Musulmi zai tambaya: tartiflette dankalin turawa ne da cuku da gutsattsarin naman alade, fondue narkakken cuku ne da ake dafawa da giya, raclette kuma da busasshen naman alade ake kawo ta. Koyi cewa sans porc da sans alcool, babu alade, babu giya. Kafin ka tambayi komai a shago ko gidan abinci fara da bonjour, su ma kamar mu ne, ba sa son a faɗo musu babu sallama. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke jin Faransanci sun huta da wannan. Mu dai kicin ɗinmu ne ya cece mu: shinkafa, ƙwai, kifin gwangwani, burodi mai zafi da safe, da cuku da zuma daga kasuwar da ke ci ranar Asabar da safe.

Lokutan salla a Yuli za su ba ka mamaki. Rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, isha'i ta kai wajen sha ɗaya, asuba kuma ta yi sammako ƙwarai, ga shi kana son kama motar farko. Sauƙin da aka yi wa matafiyi na ƙasaru da haɗa salla a nan yake da amfani. Alƙibla kudu maso gabas take. Yi alwala kafin ka hau sama, ka tafi da 'yar dadduma mai naɗewa. In tafiyarka ta haɗa da Juma'a, akwai babban masallaci a unguwar Petit-Saconnex a Jeniba, ba nisa da filin jirgi.

Yammacin ƙarshe kada ka sayi tikitin komai. Je tsakiyar gari, bakin kogin Arve mai ruwa fari-fari kamar an dama ƙasa a ciki, inda aka kafa mutum-mutumin Jacques Balmat yana nuna wa wani masani ɗan Jeniba mai suna Saussure ƙololuwar dutsen da yatsa. Balmat da likitan garin, Michel Paccard, su suka fara taka kan Mon Blan ranar 8 ga Agusta, 1786, amma likitan sai da ya jira shekara ɗari biyu kafin a yi masa nasa mutum-mutumin, yana nan zaune shi kaɗai a gaba kaɗan. Samu benci ka bi yatsan Balmat da ido. Wajen ƙarfe tara, bayan inuwa ta rufe gari, ƙanƙarar da ke can sama takan koma ja-ja na 'yan mintoci. Mu a nan muka cinye sauran burodinmu da kifin gwangwani da yaji, sannan muka ruga don kada jirgin Les Houches ya tafi ya bar mu.