Yadda Muke Wuce Daren Halowin a Gidanmu

Shekararmu ta farko a Amurka, 'yata ta dawo daga makaranta tana roƙona in saya mata rigar mayya, har da doguwar hula baƙa. Gabana ya faɗi. Tun daga nan nake fara shirin 31 ga Oktoba da wuri, wato daren Halowin, lokacin da yara ke shigar ban tsoro suna bi gida-gida neman alewa.

'Yar'uwa, ki fara zaunar da yaran ki ba su dalili, "ban yarda ba" kaɗai ba ya isarsu. Nakan gaya musu ana danganta bikin da Samhain, bikin ƙarshen kaka na mutanen Ailan na dā, lokacin da suke ganin matattu na kusantar masu rai. Daga baya ikilisiya ta sa Ranar Dukan Tsarkaka a 1 ga Nuwamba, amma ƙwarangwal da fatalwa suna nan daram. Sai mu buɗe Maimaitawar Shari'a 18:10-12, inda aka hana maita da tuntuɓar matattu. Wasu a cocinmu na cewa wasan yara ne kawai. Ba na faɗa da su, ni dai zuciyata ba ta kwanta ba.

Ki rubuta wa malamar aji saura mako guda, a ba yaran wani aikin maimakon na Halowin.

Da magariba ki kashe fitilar ƙofa. A nan alama ce ba a rabon alewa, ba mai ƙwanƙwasawa. Mu kuwa muna ciki, na soya cincin, babansu na ba su labarin Martin Luther, malamin addini na Jamus da ya soma gyaran ikilisiya, da hujjojinsa 95 na wannan rana a 1517. Alewa ma nakan saya musu tasu, don ƙaramin yakan leƙa taga idonsa cike da hawaye.