Yadda Magidanci Zai Koyi Tuƙa Babur Bayan Shekaru Sun Ja

Yawancin magidantan da ke fara koyon babur a Zariya bayan sun haura shekara 40, tsadar kuɗin abin hawa ce ke tura su, musamman masu zirga-zirga kullum daga cikin Birni zuwa Samaru ko Sabon Gari. Kusan dukkansu kuma wuri ɗaya na ga yana kayar da su, wato wajen sakin kuloci.

Da farko, ka koya da irin babur ɗin da za ka riƙa hawa. Wasu kan ba da shawarar a fara da roba-roba saboda ba ta da kulocin hannu, amma wanda ya saba da ita sannan ya sayi Bajaj Boxer, sabon koyo zai dasa. Kada ɗanka ya zama malaminka, domin yaro ba ya iya tsawata wa mahaifinsa, kai kuma nauyinsa zai hana ka sakin jiki. Ka nemi ɗan acaba mai natsuwa ko makaniken unguwarku, ka zuba mai, ka ba shi ɗan abin hasafi, wanda komai yawansa bai kai kuɗin ɗorin karaya ba. Ku tafi shimfiɗaɗɗen fili marar yashi bayan sallar asuba, kafin idon jama'a ya yi yawa. Ka ajiye babbar riga a gida domin sarƙa da taya suna kama ta, ka sa takalmi sau-ciki da hular kwano.

Idan ka tayar da babur, ka matse kuloci har ƙarshe, ka sa giya ta ɗaya, ƙafafunka biyu suna ƙasa. Ka fara sassauta yatsun hannun hagu a hankali ba tare da ka murɗa totur ba, har sai ka ji ƙarar injin ta ɗan sauka, babur ya fara jan ka gaba. A daidai nan za ka tsayar da yatsunka, ka bar shi ya ja ka taku biyu ko uku, sannan ka sake matsewa. Ka yi ta maimaita wannan har hannunka ya gane wurin da kansa, ko da zai cinye maka ranar farko gaba ɗaya. Sai bayan haka ne za ka ƙara totur kaɗan, ka ɗora ƙafafunka.

Abin da ke cutar da babba shi ne firgici. Da zarar babur ya zabura, jikinsa yakan koma baya, hannun dama ya ƙara murɗa totur ba da saninsa ba, sai ka ga dattijo yana jan ƙafa a ƙasa, babur na ruri har ya daki bango. Saboda haka wuyan hannunka na dama ya zauna ƙasa-ƙasa, kuma ka horar da kanka cewa duk abin da ya tsorata ka, kuloci za ka fara matsewa, domin da ka matse shi injin ya daina tura taya. Ƙashin mai shekaru ba ya saurin haɗuwa, don haka gaggawa a wannan mataki ba ta da wani amfani.

Wajen tsayawa, ka haɗa birkin hannu da na ƙafa, kuma kada ka damƙe na hannu, wato na tayar gaba, a kwana ko kan yashi. Ka riƙa kallon inda kake son zuwa, ka daina kallon tayar gaba.

Daga fili sai layukan unguwa, sannan titi da sassafe. Kada ka kusanci Kwangila, PZ ko Ƙofar Doka, inda Keke Napep ke tsayawa ba gargaɗi kuma manyan motoci ke matse hanya, sai ka iya canza giya ba tare da duba ƙafarka ba. Ka yanki lasin babur mai rukunin A, ka yi wa babur ɗin lamba, kuma ka jinkirta ɗaukar iyali ko yaran makaranta, domin nauyin goyo yana sauya yadda babur ke tsayawa da yadda yake shan kwana.