Kurakuran Masu Fara Karatun Littafi Mai Tsarki Cikin Bimbini

Wannan salon karatu da ake kira Lectio Divina da Latinanci ya girma ne a gidajen sufayen Kirista na Turai. Dokar da Waliyyi Benedikt ya rubuta wa sufayensa a Italiya a ƙarni na 6 ta ware wa wannan karatu sa'o'i kullum. A ƙarni na 12 wani sufi a Faransa, Gigo na Biyu, ya tsara shi matakai huɗu: karatu, bimbini, addu'a, sai nitsuwa a gaban Allah.

Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne ɗaukar nassi mai tsawo. Mutum zai buɗe sura uku, ya zuba da gudu, ya rufe, bai riƙe ko kalma ɗaya ba. Aya biyar zuwa goma sun isa. Labarin makaho Bartimawas a Markus 10:46-52 aya bakwai ne, Zabura 23 kuwa shida. Karanta sau uku ko huɗu, a hankali, da murya ƙasa-ƙasa yadda kunnenka zai ji. Ido shi kaɗai tsallake yake yi, musamman a nassin da aka haddace tun ana yara. Sufayen dā suna kwatanta matakin bimbini da tuƙar saniya: ta kwanta a inuwa, ta dawo da ciyawar da ta haɗiye, ta yi ta taunawa. Idan wata jimla ta tsaya maka a rai, misali tambayar da Yesu ya yi wa makahon kan abin da yake so a yi masa, dakata nan. Kada ka ce dole sai ka kai ƙarshen nassin.

Masu wa'azi da malaman makarantar Lahadi suna da tasu matsalar. Kafin minti biyar sun jawo littafin sharhi, sun fara fitar da darasi uku na ranar Lahadi. Nazari yana da kyau, amma a yi shi tun da daddare kafin ranar bimbinin, a san wanda yake magana da wanda ake wa magana. Da safe a ajiye biro.

Akwai kuma masu buɗe littafin duk inda hannu ya faɗa, kamar masu duba. Zaɓi Bishara ɗaya ka bi ta daki-daki. Ta Markus ce mafi gajarta, sura 16. Idan ka ji kamar aya tana umurtarka da babban mataki, irin barin aiki ko fasa aure, kai maganar wurin fasto ko fada kafin ka motsa.

A matakin addu'a, kuɗin makaranta da ciwon baya sukan kutso su kore nassin. Bari addu'ar ta fito daga jimlar da ka tauna, sauran buƙatu su biyo baya.

Nitsuwa kuma ba a ƙwato ta da ƙarfi. Zauna shiru minti uku zuwa biyar. Hankali zai tafi kasuwa, ka dawo da shi da maimaita jimlar nan. Wata rana ba za ka ji komai ba, kuma wannan ba alamar gazawa ba ce. Minti 20 kullum a lokaci guda, zaune a kujera ba kwance a gado ba, da waya a wani ɗaki, ya fi awa biyu sau ɗaya a wata.