Yadda Ake Ɗaura Buri Daidai da Lokacin da Ake da Shi

Mako guda sa'o'i 168 ne. Idan mutum ya cire 56 na barci da 40 na aikin neman abin rufin asiri, saura 72, kuma a cikinsu ne ibada da cin abinci da zirga-zirga da hidimar iyali za su karɓi rabonsu. Abin da ya rage bayan wannan shi ne jarin da za ka zuba a kan burinka, kuma sau da yawa bai kai yadda kake zato ba. Saboda haka, kafin ka yanke shawarar abin da za ka cim ma, fara da auna wannan jarin.

Hanyar aunawa ba ta da wuya, sai dai tana bukatar gaskiya. Samu takarda ka tsaga mata layi bakwai, kowane layi da ranarsa, sannan duk lokacin da ka tashi daga wani abu ka rubuta shi da tsawon lokacin da ya ci, ba tare da ka yi wa kanka kwaskwarima ba. Idan ka ɗauki waya da niyyar amsa saƙo guda, ka ajiye ta bayan minti arba'in, to minti arba'in za ka rubuta. A ƙarshen mako za ka ga guraben da suke hannunka da gaske, ka kuma gane lokacin da ƙwaƙwalwarka ta fi kaifi, ko da sassafe ne ko da dare, domin a nan ya kamata aiki mai nauyi ya zauna.

Daga nan sai ka rubuta burin da kalmomin da za a iya aunawa. Edwin Locke da Gary Latham, masana halayyar ɗan Adam da suka shafe shekaru suna nazarin wannan batu, sun nuna cewa buri takamaimai mai ɗan wuya ya fi sa mutum ƙwazo fiye da a ce masa ya yi iya ƙoƙarinsa. Wanda ya ce zai ƙara karatu bai ɗaure kansa da komai ba, amma wanda ya ce zai karanta shafi 15 kullum daga littafi mai shafi 300 ya san kwana 20 ke gabansa, ya kuma san daren da ya gaza. A ganina buri biyu sun isa a lokaci guda, domin taura biyu ma da ƙyar take taunuwa, balle biyar.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen ƙiyasin tsawon aiki, kuma a nan ya dace a dakata. A 1979 Daniel Kahneman da Amos Tversky suka bayyana cewa mutane kan raina lokacin da aikinsu zai ci, ko da sun sha yin irinsa a baya. A 1994 Roger Buehler da abokan aikinsa suka gwada hakan a kan ɗaliban jami'a a Kanada masu rubuta kundin kammala karatu. Ɗaliban sun ƙiyasta za su gama cikin kwana 34 a matsakaici, da aka ce su ƙaddara komai ya dagule suka ce kwana 49, amma a zahiri sai da aikin ya ci kusan kwana 56. Dalili kuwa shi ne mai tsara aiki yana hango ranar da babu rashin lafiya, babu baƙo, babu gyaran kuskure, alhali irin wannan rana ba ta cika zuwa ba. Maganin shi ne ka daina tambayar zuciyarka, ka tambayi tarihinka: kwana nawa irin wannan aiki ya ci maka a karon da ya wuce? Idan sabon aiki ne, ƙara rabin ƙiyasinka a kai, kuma kada ka cike jadawalin mako maƙil, bar gurbi saboda abin da ba a tsammani.

Bayan haka, ba kowane aiki lokaci da wuri. Peter Gollwitzer, masani daga Jamus, ya nuna cewa niyyar da aka ɗaura wa wani yanayi sananne ta fi cika. Maimakon ka ce za ka yi rubutu gobe, ka ce da zarar ka gama karin kumallo za ka zauna a tebur ka rubuta shafi guda, wayarka kuma tana wani ɗaki. Wanda hankalinsa ke saurin tashi zai iya amfani da tsarin Pomodoro da Francesco Cirillo na Italiya ya ƙirƙira, wato aiki na minti 25 da hutun minti biyar.

Kada kuma ka karaya idan sabon tsarin bai zama jiki da wuri ba. Binciken da Phillippa Lally ta jagoranta a Landan ya gano cewa sabuwar ɗabi'a kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta kafu, wasu kwana 18, wasu har 254, kuma tsallake rana guda bai rusa abin da aka gina ba. Ware minti 20 a ƙarshen kowane mako ka kwatanta abin da ka tsara da abin da ka aikata. Idan mako biyu a jere ka kasa kai shafi 15, mayar da shi goma ko ka sauya masa lokaci, ka riƙe sabon ma'aunin har tsawon wata guda kafin ka sake ɗaga shi.