Yadda ake gano abin da ke hana intanet ɗin faiba na gida ɗora fayil da sauri

Bidiyo na tafiya sumul ba ya ko tsayawa, amma da zarar ka ce bari ka tura wa wani fayil mai nauyi, sai komai ya koma tafiyar hawainiya. Kafin ka kira kamfani ka zazzage musu kwandon faɗa, bi waɗannan matakai, domin sau da yawa cikas ɗin a cikin gidan yake. Wani lokacin ma babu abin da ya lalace, haka tsarin da ka saya yake.

Fara da duba takardar tsarin naka. Lambar da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a talla ta saukewa ce, wato gudun shigo da abu daga intanet zuwa na'urarka. Ta ɗorawa kuwa, wato gudun tura abu daga wajenka zuwa intanet, sai ka lalubo ta a ƙananan rubutu, kuma kana iya tarar da ita ƙasa ƙwarai, misali megabit 100 a daƙiƙa wajen saukewa, 20 wajen ɗorawa. Akwai dalili. Yawancin layukan faiba na gidaje suna kan fasahar GPON ne, inda zaren faiba ɗaya, wato siririn zaren gilashin da ke kawo intanet ta hanyar haske, ke ɗaukar kusan gigabit 2.5 a daƙiƙa wajen saukewa da 1.25 wajen ɗorawa, sannan a raba shi tsakanin gidaje, galibi har 32 ko 64. Sabuwar fasahar XGS-PON ce ke ba da gigabit 10 ta kowane ɓangare. Ko a kanta ma, kamfani ne ke yanke wa kowane gida iyakarsa.

Sai lissafin da ke rikita mutane da yawa. Kamfani da megabit yake awo, wato Mbps, ita kuwa kwamfuta megabait take nuna maka, MB. Bit 8 ne ke yin bait 1. Saboda haka idan ɗorawarka 20 Mbps ce, abin da za ka gani bai wuce MB 2.5 a daƙiƙa ba, kuma bidiyo mai gigabait 1 zai ci kusan minti 7. Idan hakan kake samu, layinka lafiyarsa ƙalau.

Yanzu a zo ga gwaji. Kada ka yi shi da waya kana kwance a ɗaki, bango biyu tsakaninka da rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida. Haɗa kwamfuta da rautar ta kebul kai tsaye, kashe Wi-Fi ɗin kwamfutar, kashe VPN (manhajar da ke karkatar da intanet ɗinka ta wata hanya) idan kana da shi, sannan ka buɗe shafin auna gudun intanet, Speedtest ko fast.com. A fast.com sai ka danna neman ƙarin bayani kafin ya nuna maka ɗorawa. Gwada da safe, ka sake gwadawa da daddare lokacin da kowa ke gida, ka riƙa ɗaukar hoton sakamakon.

Idan tsarinka ya haura 100 amma gwajin ya cije a 90 da ɗoriya, kusan kullum kebul ne ko ramin da ka soka shi. A cikin kebul ɗin akwai ƙananan wayoyi 8. Gudun gigabit yana buƙatar dukansu, shi kuwa gudun 100 guda 4 sun ishe shi. To idan ɗaya ta tsinke, ko kan kebul ɗin bai matsu da kyau ba, na'urorin za su sauko 100 shiru, ba tare da sun gaya maka ba. Nemi kebul mai rubutun Cat5e ko Cat6 a jikinsa ka canza. Wasu tsofaffin rautoci kuma ramukansu ba sa wuce 100, ko wane kebul ka sa.

Idan ta kebul gudun ya cika, to Wi-Fi ne mai laifin. Idan rautarka na da zangon Wi-Fi biyu, koma kan mai saurin, wato 5 GHz, ka bar 2.4 GHz ga na'urorin da ke nesa, ka kuma fito da rautar daga bayan talabijin zuwa fili.

Matakin da na fi so mutane su tsaya a kai shi ne neman ɓarawon cikin gida. Hanyar ɗorawa siririya ce, abu kaɗan ke cika ta. Waya na dawowa gida ta kama Wi-Fi, sai ta fara kwashe hotuna da bidiyon ranar tana turawa ma'ajiyar intanet irin su Google Photos ko iCloud. Kwamfuta na can tana tura fayiloli ma'ajiyar OneDrive. Kyamarar tsaro kuwa ba dare ba rana. Abin haushin shi ne idan ɗorawa ta cika maƙil, har saukewa tana shafa, domin duk abin da ka sauke sai na'urarka ta mayar da 'yar amsa cewa ya iso, kuma amsar za ta bi dogon layi a bayan hotunan wani. Shi ya sa murya ke yankewa a Zoom, alhali bidiyonsa mafi kyau bai kai 4 Mbps yake nema ba. Cire na'urorin ɗaya bayan ɗaya kana sake gwaji har ka kama mai cinyewa. Sannan ka shiga saitin rautar, idan akwai SQM ko QoS, wato saitin da ke hana na'ura ɗaya cinye hanyar, ka kunna, ka sa iyakar ɗorawa ƙasa kaɗan da abin da gwajin kebul ya ba ka.

Daga nan ka leƙa akwatin da zaren faiba ke shiga. Ya kamata fitilar da aka rubuta wa PON a jikin akwatin ta tsaya kore ba ƙiftawa. Idan fitilar da aka rubuta wa LOS ta kama ja, hasken da ke bin zaren ba ya isowa. Bi siririn zaren da ido: ko an lanƙwasa shi a kusurwa, ko ƙafar kujera ta danne shi? Gilashi ne a ciki, ba ya son lanƙwasa. Kada ka zare shi ka leƙa bakinsa, hasken da ke ciki ba a ganinsa amma yana cutar da ido.

Idan duk ka bi waɗannan, gwajin kebul kuma ya ci gaba da zama ƙasa da abin da takardarka ta ce, to lokacin kiran kamfani ya yi. Faɗa musu ta kebul ka gwada, ka ba su lokutan da lambobin, ka nemi su duba ƙarfin hasken da ke isowa akwatinka da kuma iyakar da suka sa wa layin, don akan canza wa mutum tsari a manta ba a ɗaga iyakar ba. Idan kuwa gudun ya yi daidai da takarda amma bai ishe ka ba, tambaye su ko suna da tsarin da saukewa da ɗorawa suke kai ɗaya.