Darasi: Fentin Ɗaki da Kore Mai Toka-toka

Wannan launi kore ne da aka kashe wa kaifi, irin na ganyen tumfafiya. Ba ya ɗaukar ido, kuma ba ya saurin nuna ƙurar hunturu kamar farin bango. Ya dace da falo da ɗakin kwana. Sai dai yana canza kama gwargwadon hasken da ya same shi, shi ya sa ba a yi masa gaggawa.

Nawa za a saya?

Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo, 12 faɗi, bango ƙafa 10, yana da kusan murabba'in mita 40 idan an cire ƙofa da taga. Lita ɗaya ta fentin ruwa mai kyau kan rufe kimanin murabba'in mita 10. Shafe biyu ake yi, ke nan lita 8, wato galan biyu masu lita 4. Idan filastar sabuwa ce a ƙara galan ɗaya, don tana shan fenti.

Haɗa launi

Sayen haɗaɗɗe ya fi sauƙi. Wanda zai haɗa da kansa ya fara da farin fenti a babban bokiti, ya riƙa zuba kore kaɗan-kaɗan yana juyawa da sanda har ƙasa. In koren ya fito, sai a sa baƙi da murfin kwalba, ɗaya bayan ɗaya. Baƙi yana da ƙarfi ƙwarai. In ya yi yawa, sai an ƙara fari mai yawa kafin ya gyaru. Kada a zuba fentin mai a cikin na ruwa, ba sa haɗuwa.

A haɗa na ɗakin gaba ɗaya a lokaci guda. Wannan shi ne babban abu. Idan fenti ya ƙare a tsakiyar bango aka sake haɗawa, da wuya a dace da na farko, kuma bambancin zai fito ɓaro-ɓaro bayan ya bushe.

Kafin a shafe ɗakin, a gwada a wuri biyu: kusa da taga da kuma lungun da ya fi duhu. A bari ya bushe, a duba da safe, da la'asar, da dare. Farin ƙwan lantarki yana fito da tokar, mai ruwan ɗorawa kuma yana fito da koren. Idan tagar ƙarama ce a ƙara fari, in ba haka ba ɗakin zai yi duhu. Silin kuwa a bar shi fari.

Bango da shafe

Sabuwar filasta tana bukatar kamar mako huɗu ta bushe. Tsohon bango a kankare inda ya ɓare, a cike tsaga, a goge da samfefa, a share ƙura. Inda bango ke tsattsafo ko yake fitar da farin gishiri, a fara toshe hanyar ruwan, don fenti a kan danshi kumbura yake yi ya zube.

Ruwan sirki kada ya wuce abin da aka rubuta a jikin galan. Yawan ruwa ke sa bango ya yi zane-zane, ya kuma riƙa bin riga. A bi kusurwoyi da burushi, sauran da rola, daga sama zuwa ƙasa. A jira awa uku zuwa huɗu kafin shafe na biyu. Ragowar fentin a rufe ta sosai a ajiye a inuwa, saboda gyaran inda yara suka taɓa.